Mai Ɗaukar Laifin Gidan Danda

A Gidan Danda, wani ƙauye da ke bakin Gulbin Kaba a ƙasar Kanan-Bakashe, sana'a biyu aka san Attahiru da su. Ta farko tufkar igiya. Shi yake yanko kabarsa da kansa, ya shanya ta, ya jiƙa, ya zauna a gindin gawo yana murza ta a cinya har ta zama igiyar guga wadda ke shekara ba ta tsinke ba. Cinyarsa ta dama ko gashi babu, ta yi kanta saboda murza. Sana'a ta biyu kuwa babu mai biyansa a kanta, kuma ita ta kai shi gidan kaso yana da shekara hamsin da tara. Ɗaukar laifin mutane yake yi.

Gado ya yi wurin ubansa. A garin nan, tun kakanni, idan rigimar mutum biyu ta kai inda babu mai iya ja da baya sai da kunya, wani dattijo da babu ruwansa da maganar yakan shiga tsakani, ya cire hula, ya durƙusa, ya ce, "Laihina ne, a yi haƙuri." Kowa ya san ba shi ba ne. Amma wa zai ga furfura a ƙasa ya ci gaba da ta da jijiyar wuya? Kowane ɓangare ya samu ƙofar fita ke nan. Sai a ɗaga dattijon, a kaɗe masa gwiwa, a yi fatiha, a watse.

Attahiru ya fi ubansa iya abin, har ya yi yawa. Ya ɗauki laifin akuyar da ta ci waken maƙwabta. Ya ɗauki laifin gambar iyaka da ta yi tafiya taku uku cikin gonar wani tsakanin damina da damina. Ranar da liman da ladan suka kusa cin kwalar juna kan lokacin azahar, shi ya durƙusa ya ce shi ya ruɗa su, alhali a sahun baya yake, yana gyangyaɗi. Matarsa Zuhura, mace mai kaifin harshe, takan dube shi idan ya dawo da ƙasa a gwiwa ta ce, "Malam, kai ko ruwa ya ƙi sauka, cewa za ka yi kai ka riƙe shi." Sai ya yi dariya ya ce wani dai ya kamata ya riƙe. Shekara talatin garin ya zauna lafiya a kan gwiwar mutumin nan, kuma babu wanda ya taɓa tunanin gode masa.

Arewa da garin akwai zangon makiyaya, mutanen Abdurrahamane, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga hamada suka zauna. Hausa suke yi kamar kowa, rijiya ɗaya ake sha, kuma igiyar Attahiru ce a gugansu. Wata kaka, tun ba a saki gonaki ba, raƙumansu suka faɗa gonar wake suka yi mata kaca-kaca. Aka yi musayar baƙar magana. Bayan kwana biyu, ranar kasuwa, da rana tsaka, wuta ta kama bukkokin zangon. Mutane suka tsira, ban da gwaggon Abdurrahamane, Hindatu, tsohuwa makauniya da ba ta samu ƙofa ba. Wanda ya sa wutar, har yau Allah kaɗai ya san shi.

Attahiru yana kasuwar Kanan-Bakashe tun hantsi, a rumfar masu igiya, rabin kasuwa ta gan shi. Da ya dawo a amalanke bayan la'asar, sai ya tarar da gari ya rabu biyu a bakin rijiya. Makiyaya da takubba a zare, samarin gari da kwari da baka, ga motar jandarma ɗaya da mutum huɗu a tsakiya, su ma idonsu ya raina fata. Bai tambayi kowa komai ba. Ya diro daga amalanke, ya taka har gaban Abdurrahamane, ya cire hula, ya durƙusa.

"Ni ne," ya ce. "Laihina ne, a yi haƙuri."

Abdurrahamane ya daɗe yana dubansa. Ya san sarai ba shi ba ne, da safe ma sun gaisa a hanyar kasuwa. Hawaye ya zubo masa cikin rawani, ya mayar da takobi kube, mutanensa suka bi shi. Ba a zubar da jini ko ɗigo ba a ranar.

Sai dai shugaban jandarman baƙo ne, daga can yamma aka turo shi, kuma littafi ne a hannunsa. Mai gari ya ja shi gefe ya ce al'ada ce, ba shi ya yi ba. Mutumin ya ce, "Ya faɗa ko bai faɗa ba?" Aka ce ya faɗa. To, ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Aka dangwala wa Attahiru yatsa a tawada, aka danna a takarda, aka sa shi a mota. Yana hawa yana ce wa Zuhura ta kwashe kabar da ya jiƙa kada ta ruɓe, gobe yana nan dawowa.

Bayan mako ɗaya aka kai shi gaban alƙalin bincike a birni, aka sake tambayarsa. Ya yi tunani, ya ga ƙasar kabarin tsohuwa ba ta bushe ba, idan ya janye yanzu takubba za su sake fitowa. Sai ya maimaita. Babu kowa a gefensa da zai taɓa shi ya ce masa a wannan ɗakin amsa laifi ba ya kashe magana, hura ta yake yi. Da an samu mutum ɗaya da ya san doka ya zauna kusa da shi na minti biyar a safiyar nan, da labarin ya ƙare a nan.

Da wata uku suka wuce, Abdurrahamane ya aiko Zuhura da saƙo cewa sun bar wa Allah, babu sauran magana tsakaninsu da gari. Attahiru ya ji daɗi ƙwarai. Ya kira gardin da ke bakin ƙofa ya ce don Allah ya shaida wa alƙali an shirya, yana so ya koma gida. Gardin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira abokansa su zo su ji. A ranar Attahiru ya fara jin tsoro.

Akwai wata yarinya, Nabila, da ke zuwa gidan kason kowace Alhamis a kan babur. Ba cikakkiyar lauya ba ce, amma ta karanta doka, kuma wata ƙungiya ce ke ɗauke da ita tana zagaya gidajen kaso tana sauraron waɗanda ba su da kowa. Da layi ya zo kansa ta ji labarinsa, sai ta ajiye alƙalami ta riƙe kai.

"Baba, sau biyu ka amsa?"

"Sau biyu, ɗiyata."

"Kuma ba ka yi ba?"

"Ina kasuwa hwa. Mi zai kai ni ga wuta?"

"To saurara da kyau. Daga yau kada ka ƙara ce wa kowa komi. Za a samo maka lauya daga Yamai. Ranar shari'a, in alƙali ya tambaye ka, magana ɗaya gare ka: ban yi ba. Hwaɗi in ji."

"Ban yi ba," ya ce, "amma a yi haƙuri."

"Baba! Ban da haƙurin!"

Sai da suka yi sau bakwai kafin ya iya tsayawa inda ta ce ya tsaya, tana dariya tana share ƙwalla. Ta rubuta sunayen mutum shida da suka wuni tare da shi a kasuwa, ta ba shi kwafi ɗaya ta ce ya adana. Ya ninke takardar ya ɗinke ta cikin hularsa. Tun daga ranar abin da yake jira ke nan a duniya, ya tsaya gaban alƙali sau ɗaya ya ce bai yi ba, a kira shaidunsa, ya koma gida.

Wata Alhamis babur bai zo ba. Ta biyu ma haka. Daga baya aka ji cewa ƙungiyar ta tattara nata ya nata, Nabila kuma an ja ta yamma, inda yaƙi ya cika gidajen kaso da mutanen da aka kwaso jingim. Lauyoyin ƙasar dama kusan duk a Yamai suke. A da, ana lallashin biyu ko uku su zo zaman manyan laifuka. Yanzu hanya ba ta biyuwa da kwanciyar hankali, 'yan kaɗan ɗin da ke tsaya wa talaka aikin yaƙi ya shanye su, wa zai keta ƙasa saboda mai tufkar igiya? Ga shi kuma an ce laifi irin wanda ake tuhumarsa da shi ba a yanke shi sai da mai tsaya wa mutum. Doka ce mai kyau, don kare irin su Attahiru aka yi ta, kuma ita ta zaunar da shi shekara huɗu. Sau uku ana sa sunansa a jerin waɗanda za a yi wa shari'a, sau uku ana soke shi da jan biro saboda babu lauya.

Ɗakin da ya tarar da mutum ashirin ya koma na hamsin. Ya roƙi a bar Zuhura ta kawo masa kaba, aka ce igiya ba ta shiga gidan kaso, kada wani ya rataye kansa. Sai hannunsa ya ci gaba da aikinsa babu komai a ciki, yana zaune yana murza iska a cinya, matasan ɗakin suna nuna shi da baki. Idan faɗa ya tashi kan wurin kwanciya, gwiwarsa takan yi masa ƙaiƙayi, sai ya tuna da Nabila ya danne ta da hannu biyu ya kau da kai. Kowace safiya, bayan sallar asuba, yakan juya ga bango ya faɗa a hankali sau bakwai: ban yi ba.

Zuhura tana zuwa duk wata da fura a ƙwarya da ɗan ƙuli. Ta je Tasawa, ta je Mayahi, ta je har Maraɗi tana tambayar inda ake samun lauya, ana nuna mata ƙofofi, ƙofofin suna nuna mata wasu. Ita ke kawo masa labarin shaidunsa. Ɗaya ya rasu. Huɗu sun tafi ci-rani arewa, babu mai jin ɗuriyarsu. Ɗaya ya ce shi ba ya shiga maganar hukuma. A shekara ta uku ta daina yi masa tsiya, sai ta zauna ta zuba masa ido har lokaci ya cika. Wannan ya fi masa ciwo da komai, don ya san ranar da Zuhura ta rasa abin faɗa, ta fid da rai ne.

A shekara ta huɗu aka gaji da jiran Yamai. Aka nemo tsofaffin ma'aikata masu jin Faransanci, aka yi musu horo na 'yan kwanaki, aka ce su tsaya wa waɗanda ba su da lauya. Wanda ya faɗo wa Attahiru shi ne Mushe Sadiƙu, kamar yadda ake kiran malaman boko, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Tasawa, siriri, mai tabarau ɗaure da zare. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da yara karatu. Jiya da yamma aka damƙa masa dosiye, wato takardun shari'ar mutum goma sha ɗaya, yau da safe ya zauna kusa da Attahiru a kan benci a bayan kotu.

"Malam Attahiru, an rubuta nan ka amsa har sau biyu."

Attahiru ya ba shi labari, ya farke hularsa ya miƙa masa takardar Nabila, ta yi laushi da zufa. Mushe ya karanta, ya cire tabarau ya goge. Ya ce a garin kakanninsa ma ana wannan al'ada, ya gane.

"Akwai wanda ya zo cikinsu?"

"Babu. Amma Abdurrahamane na waje tare da iyalina. Shi da aka kashe ma gwaggo, da ƙahwarshi ya zo shi hwaɗi ba ni ba ne."

Mushe ya miƙe tsaye, idonsa ya yi haske. "To, da ikon Allah yau za a ji shi. Kai dai riƙe maganarka."

Ɗakin shari'a ya cika maƙil. Alƙalai uku a sama, mai gabatar da ƙara a gefe cikin baƙar riga, saurayi ne da bai fi sa'ar ɗan Mushe ba. Ana gama karanta tuhuma, tun ba a tambayi Attahiru komai ba, Mushe ya tashi da zumuɗinsa ya roƙi a shigo da shaida daga waje. Da ya san aikin, da ya bari an fara jin mai laifi tukuna. Bai sani ba, kuma babu wanda ya koya masa.

Mai gabatar da ƙara ya tashi kamar an tsikare shi. Attahiru ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya, amma ya shekara talatin yana sauraron rigima, ya san sautinta a kowane harshe. Ya ga saurayin yana nuna tsohon da yatsa, yana buga wani jan littafi a tebur, yana tambayarsa abu, tsohon yana laluben takardu ya kasa amsawa. Saurayin ya sake tambaya, da murmushi a wannan karon. Wani ya yi dariya a baya, sai ɗakin ya ɗauka. Dosiye goma sha ɗaya suka zame daga hannun Mushe suka watse a ƙasa. Tsohon ya sunkuya yana tattarawa, tabarau ya faɗi, dariya ta ƙaru.

Dattijo ne mai furfura, ana ci masa mutunci a bainar jama'a, kuma saboda Attahiru. Shi kuwa Attahiru bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannunsa ya kai ga hula, gwiwarsa ta kai ƙasa.

"Laihina ne," ya ce da ƙarfi. "A yi haƙuri, laihina ne."

Shugaban alƙalan ya dubi tafinta ya tambaye shi me ya ce. Tafintan Bahaushe ne, ya gane abin da ya faru. Amma ya yi rantsuwa zai fassara abin da aka faɗa, sai ya fassara. Mushe ya taso yana kiran al'ada, yana haɗa Hausa da Faransanci, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya sa aka tayar da Attahiru, ya tambaye shi a natse ko ya tsaya a kan abin da ya faɗa yanzu.

Maganar tana nan a bakinsa, wadda ya yi shekara huɗu yana faɗa wa bango. Ya buɗe baki. Ya ga saurayin nan ya zauna ya huce, ya ga an bar tsohon ya samu tabaransa. A duk rayuwarsa bai taɓa tashi daga durƙuso ya janye abin da ya faɗa ba, bai ma san yadda ake yi ba, kuma ya tabbata idan ya janye, kan tsohon za a koma. Ya rufe bakinsa ya sunkuyar da kai. Aka rubuta cewa ya amsa a karo na uku, a gaban kotu, babu wanda ya tilasta shi.

Ba a kira Abdurrahamane ba. An ce an duba tsufansa da yadda ya amsa ba gardama, an yi masa sassauci, shekara ashirin. Yana da sittin da uku a lokacin, kowa a ɗakin ya iya wannan lissafi.

Da aka fito da shi zuwa mota, Abdurrahamane ya ja rawani ya rufe fuskarsa duka. Zuhura tana tsaye da ƙwaryar furar da ta dama don su sha a hanyar gida. Ba ta yi kuka ba, ta dubi ƙurar da ke gwiwarsa ta gane. Ta sunkuya ta kaɗe masa ita da gefen zanenta, kamar yadda ake yi a gari.

Mushe Sadiƙu ya biyo su da gudu, takardu a ƙirji, hawaye na bin gemunsa.

"Don mi, Malam Attahiru? Don mi ka yi mani haka? Shekara huɗu kana jira!"

Attahiru ya dube shi daga cikin motar, da gaske yake son ya sani.

"Mushe, sun dai bar yi maka dariya, ko?"

Daga ciki aka ƙwala kiran sunan Mushe, an kawo mutum na gaba, kuma saura goma a hannunsa. Ya goge fuska da hannun riga ya juya, gardi ya ja ƙofar motar ya rufe.